Tanti Ramatou da Takardar Mataccen Kare

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Nuwamba 2025, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, Allah Ya karɓi ran Hajiya Ramatou Abdou, wadda mu mutanen Banifandou ba mu san ta da wani suna ba sai Tanti. Ta rasu tana da shekara sittin da bakwai, kwana arba'in cif bayan kare ya cije ta a hanyar da take bi kowace safiya. An kai ta makwancinta washegari da hantsi.

Tanti, sai da na rubuta lokacin a kayena, littafin rubutuna, sannan na yi kuka. Ke kaɗai ce ba za ki yi mamakin haka ba. Kin san tun ina ƴar lakwal, wato makarantar boko, nake rubuta abin da ya faru kowace rana, a irin kayen nan mai shafi ɗari biyu, yanzu ina cikin na sittin da ɗaya. Ke ce kika sa mini suna Sakatariyar Unguwa. In aka yi gardama kan ranar da aka ɗauke ruwa ko ranar sunan wani, sai ki ce, "Ku bar musu, a tambayi Mariyam, ko atishawa aka yi tana da kwanan wata." Ban taɓa sanin ko yabo ne ko tsiya ba. Ina jin duka biyun ne.

Shekara talatin da ɗaya kika yi kina karɓar haihuwa a matarnite. Ƴaƴana uku duk a hannunki suka faɗo. Ranar haihuwar ta fari, maigidana ya tsaya yana kai da kawowa a bakin ƙofa, kika leƙo kika ce masa, "Malam, naka aikin ka gama shi tun wata tara. Je ka sayo sabulu." Har yau in ya ga sabulun wanki sai ya yi murmushi. Da jini ya ƙi tsaya mini a haihuwa ta uku, ba ki bar gefen gadona ba sai da la'asar ta washegari, ga shi ba ranar aikinki ba ce. Wannan ma yana rubuce.

Bayan kin ajiye aiki, aka ce jininki yana hawa, sai kika ɗauki tafiyar ƙafa bayan sallar asuba: daga ƙofar gidanki, ki bi bayan masallaci, ki kewaya ta wajen masu kayan miya, ki dawo. Ni nakan raka ki Talata da Alhamis. Tafiyar da ba ta fi minti arba'in ba takan kai mu sa'a da rabi, don rabin unguwar nan ke kika yanke musu cibi, kuma ba ki manta nauyin kowa ba. Ki ga ƙato da gemu zai hau babur, ki ce, "Kilo biyu da ɗari takwas, ina kwana?" Ya sauko ya durƙusa. Ki gaida wannan da Zabarmanci, ki tsokani wancan da Hausa, ki tsaya ki duba idon jaririn mai ƙosai ki ce a kai shi likita yau, ba gobe ba. Ƴaƴan Alhaji Zailani su huɗu ma ke kika karɓe su. Ina so a riƙe wannan.

Gidan Alhaji Zailani shi ne mai doguwar katanga da baƙin ƙyauren ƙarfe, daura da bayan masallaci. Yana da karnuka biyu, namiji da mace. A sake suke kwana cikin gida, abin da ba wanda ya hana shi. Ƙa'ida ita ce Garba mai gadi ya ɗaure su kafin ya buɗe ƙyaure. Amma Alhaji yana so ƙarfe shida ta yi an wanke motarsa, ruwan wankin kuma waje yake bi, don haka Garba yakan buɗe tukuna, ɗauri ya biyo baya in ya samu sarari. Daga watan Yuni zuwa Oktoba, sau tara na rubuta cewa na ga karnukan nan a kan hanya. Sau biyu kika tare Alhaji da maganar. Na biyun ina tsaye, ko gilashin mota bai sauke duka ba, ya ce, "Haba Tanti, ai ba sa cizo, wasa suke."

Alhamis 2 ga Oktoba, ƙarfe shida da minti goma. Baƙin kare mai farin ƙirji ya fito, ko haushi bai yi ba. Ya kama ki a sharaɓa, kika faɗi, kika sa hannu ki kare fuska ya kama hannun. Ni na tsaya ina ihu da takalmi ɗaya a hannu. Masu fitowa daga masallaci ne suka kore shi da duwatsu. Tabaranki ya fashe a ƙasa.

Ko a lokacin ke ce mai ba da umarni. Kika sa aka yi ta wanke ciwon da ruwa da sabulu har aka gaji. Wasu mata suka ce a je a roƙo gashin karen a ƙona a shafa, kika ce, "Gashi? Ku barbaɗa shi a miyarku. Karne za a kawo mini." Wato ɗan littafin nan da likitan dabbobi ke rubuta allurar da aka yi wa kare. Alhaji bai tako ba. Da azahar ya aiko direbansa da karnen cikin ambulan.

Ba ki iya karatu ba tabarau, sai kika miƙo mini. Na karanta miki da ƙarfi: sunan kare Janar, an yi masa allurar haukan kare a watan Janairu, tana aiki shekara guda. Kika ce, "Akwai hatimi?" Na ce akwai. "Da sa hannu?" Na ce akwai. Kika ce, "To, alhamdu lillahi. A bar wa masu bukata allurar." Duk rayuwarki a kan takarda mai hatimi kika yi aiki, ba ki taɓa cika ta ƙarya ba, don haka ba ki zaci wani zai aiko miki da ita ba.

A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi don in ji daɗin zagin wani ba. Da na karanta sunan Janar, wani abu ya motsa a raina. Na tuna kamar Janar ja ne, kamar kuma na daɗe ban gan shi ba. Akwai layin da aka rubuta launin kare, na gan shi, na tsallake. Na ce wa kaina wataƙila na rikita su, wataƙila sunan ne aka maimaita, wace ce ni da zan ƙaryata Alhaji da hatimin likita? Kayen yana cikin akwatina, taku hamsin daga inda kike zaune. Ban je na buɗe ba. Shekara kusan talatin ina rubutu don kada in manta, ranar da rubutun zai yi amfani sai na ƙi yarda da shi.

Ciwon ya warke, har kin koma tafiya da sanda. Ranar 6 ga Nuwamba kika ce hannun yana miki zugi kamar ana yawo da allura a ciki. Kwana biyu bayan haka na zo na tarar da zazzaɓi, na miƙo miki kofin ruwa, maƙogwaronki ya shaƙe tun kofin bai kai baki ba. Kika ture shi. Da numfashi ya dawo, kika dube ni da idon ma'aikaciyar da ta san abin da ta gani: ciwon haukan kare.

"Mariyam, ɗauke kofin nan. Wane suna kika karanta mini a karnen?"

Na faɗa.

"Je ki duba kayenki."

Na je na duba. Litinin 19 ga Mayu: Janar, jan karen gidan Alhaji, ya mutu, an ce tsufa ne. Asabar 21 ga Yuni: an kawo baƙin kare daga garkar Alhaji, wato lambunsa na ƙetaren kogi. 8 da 9 ga Oktoba: kare yana wani irin kuka a gidan Alhaji, kamar an shaƙe shi. Juma'a 10 ga Oktoba: na ga Garba yana tura baro an rufe da buhu, ya nufi kwari. Daga ranar ban sake rubuta baƙin kare ba. Duk da hannuna na rubuta su, ban taɓa jera su wuri guda ba sai ran nan.

Na dawo na karanta miki. Na jira ki zage ni, da ma kin yi. Abin da kika tambaya shi ne, "Macen fa?" Na ce tana nan. Kika ce, "Kwano ɗaya suka ci, wa ya san ko ya cije ta. Ƴan lakwal ta nan suke bi. Ki bar kuka, Sakatariya, ki kai takardunki inda za a karanta su." Da yamma aka wuce da ke likita. Abin da kika sha a kwana ukun ƙarshe ba zan rubuta shi a nan ba. Wannan shafin ne kaɗai na bari fari a kaye na sittin da ɗaya.

Yanzu kai, Alhaji Zailani. Ban ce kai ka tura kare ba. Amma kai ka zaro karnen mataccen kare ka sa a ambulan. Ka ce kuskure ne, to, mu ɗauka. Ranar 10 ga Oktoba fa? Karenka ya mutu yana dalalar da yawu, kwana takwas bayan ya ciji matar da ta fara ɗaukar ƴaƴanka kafin kai ka ɗauke su. Likitoci sun gaya wa iyalinta cewa da an zo a lokacin, da an fara allura. Tsakanin ƙofarka da tata gida shida ne. Sai ka sa aka rufe gawar da buhu, ka ce wa masu tambaya ka mai da shi garka. Wata guda kana wuce ta tana dogara sanda, kana ɗaga mata hannu ta cikin gilashi.

Ranar sadakar uku kai ka kafa rumfa, kai ka kawo kujeru da buhunan shinkafa, ka zauna a sahun gaba kana jan carbi. Dattawan unguwa kuma, waɗanda Tanti ta karɓi ƴaƴansu da jikokinsu, suka zauna a inuwarka suna cewa kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri, kada a tada fitina cikin makoki. Na yarda kwana ne ya ƙare, ba mai wuce ranarsa. Amma a masallacin nan ne aka karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Ban ji inda aka cire kare ba. Shinkafarka ta yi daɗi, an ce. Ni ban ci ba.

Garba ba zan ɗora masa kayan da ba nasa ba. Mutum ɗaya ne da hannu biyu, aka ce ya wanke mota, ya buɗe ƙofa, ya riƙe karnuka, kuma a kan motar ce kaɗai ake yi masa faɗa.

Maigidana ya ce in rufa wa kaina asiri. Ya ce famfon da rabin layinmu ke ɗiba na Alhaji ne, ya ce in na fito da kayen nan, farkon abin da za a tambaya shi ne me ya hana ni magana tun ranar. Gaskiya ya faɗa, za a tambaya, kuma ba ni da amsar da za ta wanke ni. Kwana shida ina juya maganar. Na ce ko zargi ne kawai, ko baron nan shara ce, ko ɓacin rai ne ke sa ni ganin abin da babu. Haka nake, Tanti, kin san ni. Sai jiya Litinin, ƙarfe shida da kwata, na leƙa na ga ƙyauren a buɗe, ruwan kumfa yana gangarowa, macen tana tsaye a tsakiyar hanya ba igiya a wuyanta. Na rubuta: sau na goma. Da na ɗaga biro sai na ji kunyar kaina, kamar kina bayana kina karantawa.

Da rana na kai wa Oumarou, babban ɗanki, kaye na sittin da na sittin da ɗaya. Ya karanta shafukan da na naɗe, sannan ya ce, "Yaya Mariyam, za ki faɗa da bakinki?" Na ce zan faɗa, har da layin da na tsallake. Jibi za mu je kwamisariya wajen ƴan sanda, daga nan mu wuce wajen likitocin dabbobi a zo a ɗauki macen a tsare ta. Wanda zai daina gaishe ni ya fara tun yau.

Allah Ya jiƙan Tanti Ramatou, Ya gafarta mata, Ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara. Allah Ya shayar da ita daga ruwan Alkausara, ita da ta bar duniya da ƙishirwa. Ya sa kowane jaririn da ta tarba ya zama haske a kabarinta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Oumarou da ƙannensa, da jikokinta goma sha ɗaya, da danginta na Tahoua, da abokan aikinta na matarnite, da duk wanda ta taɓa kira da nauyinsa a kan hanya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Tanti, ki yafe mini. Jibi Alhamis ce, ranar tafiyarmu. Zan fito da wuri, in bi ta bayan masallaci, in wuce ta gaban baƙin ƙyauren nan da kayena a hannu, ba a cikin jaka ba.

Mariyam Issoufou, Banifandou, Yamai
Talata, 18 ga Nuwamba 2025