Tabo Biyu a Marar Mai Kitso

"Sau biyu aka farke ki! Sau biyu! Buhu ne cikin naki?"

Muryar direba ce ta ratso bangon da ya raba ɗakinsa da na Inna, bangon da ko atishawa ba ya rufa wa asiri. Inna ta dakata da dutsen guga a hannu.

"Rage murya, yarinya na karyawa," in ji matarsa. "Ai likita ya ce ana iya gwadawa."

"Ya ce ana iya, bai ce ki yi ba. In ɗinkin ya fashe, shi zai yi mini rainon 'yar?"

Ƙofa ta bugu. Inna ta zauna a bakin gado. Shekara ashirin da biyu ta yi tana goge ɗakin haihuwa a asibiti kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ta san nauyin tsumman da ya sha jinin mahaifar da ta fashe.

Mai Kitso, haka kowa ke kiran matar, ta shekara takwas a gidan hayar. A ƙarƙashin matakala take aiki, kan kujerar da bulo ya tokare wa ƙafa ɗaya, kibiya soke a gashinta. Hannunta da zafi, bakinta ya fi. In mace ta yi ƙara sai ta ce, "Kyau kike so ko barci?" Haihuwar fari, aka yi mata aiki aka ciro mace. Ta biyu ma aiki, namiji, bai zo da rai ba. Yanzu ga na uku, wata tara, ta kafe sai ta haifa da kanta.

Matan gidan sun ce gori ne ya ci ta, wai ba ta san naƙuda ba. Mijin ya ce taurin kai. Ita kuwa ba ta fasa tsokanar kowa ba, kullum tana hawa da sauka a matakala, hannu a ƙugu. Abin da Inna ke tsoro shi ne ciwo ya taso Mai Kitso ta kulle kanta a ɗaki.

Ranar da hantsi Inna ta same ta tana yi wa 'yarta kitso, ƙanana sirara, irin wanda ke wata biyu bai tsufa ba. Inna ta matso kusa.

"Ke, 'yar nan, wannan kitson na mai tafiya ne."

Hannun Mai Kitso ya tsaya. Ta tura yarinyar ɗebo ruwa.

"Inna, ba wuƙar nake tsoro ba, barcin ne. Wancan karon cewa suka yi rabin jiki za su kashe, ina ji ina gani. Jini ya ɓalle, suka sa ni barci. Kafin in farka an binne shi. Har yau ban san da wa ya yi kama ba."

Jarirai nawa Inna ta gani an naɗe an fita da su, uwayen na kwance ba su sani ba? Ba ta taɓa tambaya ba, ƙasa kawai take gogewa.

"Ba a gida ba dai," ta ce da ƙyar.

"A asibiti, ɗakin aiki a buɗe, jini a ajiye. Haka muka yi da likita."

Kwana huɗu bayan nan, da safe, faya ta fashe. Direba ya tayar da mota yana ta danna oda, fuskarsa sharkaf da gumi. Inna ta rungumo jaka, idonta a kan hannun Mai Kitso, wanda ke dafe daidai tabon. Ciwon naƙuda ne, ko ɗinkin ne ya fashe?

A bakin ƙofa Mai Kitso ta riƙe ƙyaure har ciwon ya lafa, sannan ta juyo.

"In suka ce sai an yanka, ba zan yi musu ba. Amma ki tsaya a kan jaririn, Inna, da rai ko babu. Kar a kai shi ko'ina sai na farka."