Sallamar Kawu a Ƙofar Ɗakin Gwaji

Aikin digirina na uku a kan wani ruwa na yi shi, wanda ba ruwa ba ne. Gishiri ne narkakke, mai kauri kamar man gyaɗa. Ana shafa shi a cikin siririn bututu, a tura ɗigon wani abu dangin fetur, a ga daɗewar da zai yi kafin ya fito. Sai a ƙara zafi, a sake. Da haka muke gane wanda ruwan ke riƙewa da wanda yake saki.

Jarabarsa ɗaya, shan danshi. Ya sha iskar damina kaɗan, shi ke nan, duk awon ya zama shirme. 'Yar kwalba guda aka aiko mini daga waje, kuma saura na ƙasa-ƙasa. In ya lalace, digirin ya tafi.

Mutanen Kaduna kuwa, wa zai wuce ƙofa bai leƙo ya gaisa ba? "Ya aiki? Ya ruwa?" Ruwan ne fa matsalata! Don haka na riƙa kulle ƙofa.

Ranar da zan zuba na ƙarshen, hannuwana na cikin akwatin gilashi mai busasshiyar iska, sai na ji sallama. Muryar Kawu ce, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama. Ashe daga Katabu ya shigo mota, ya sauka a Kawo, ya tako don ya ga inda nake aiki.

Na amsa, amma ƙarar injin busar da iskar akwatin ta danne muryata. Ya sake sallama. Ta tagar ƙofa bayana kawai yake gani. Kwalbar a buɗe take a hannuna, ban juya ba. Ya yi sallama ta uku, ya tafi, yadda aka koya masa, yadda shi ma ya koya mini.

Awon ya fito tsaf. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Ranar Asabar na je Katabu na yi masa bayanin danshi da bututu. Ya saurara har ƙarshe.

"Ba komai, Malama," ya ce. "Aiki ai ya fi gaban wasa."

Sai ya leƙa cikin gida ya ce a kawo wa baƙuwa ruwa.