Satar Amsa a Gaban Suruki

Surukina ya zo London a yi masa aikin ido, ya zauna da mu wata uku a flat ɗinmu na Lewisham. Wanda ya zana gidan bai taɓa jin labarin kunyar surukai ba. A Kano, in na durƙusa na gaishe shi, sai in bar unguwar gaba ɗaya. A nan kuwa banɗaki ɗaya muke bi wa layi. Ina cin abinci a tsaye a kicin, shi yana ci a falo, matata tana kai-komo tsakaninmu kamar jakadiyar ƙasashe biyu da ba sa gaba amma ba sa magana.

Tseren motoci ne ya raba mu da wannan hali. Baba bakanike ne, ya yi rabin rayuwarsa a ƙarƙashin mota a Ƙofar Ruwa. Wata Lahadi ya ji kukan inji a talabijin, ya gyara zama, ido ɗaya a rufe da auduga, ya ce, "Wannan yaron zai cinye birkinsa kafin a je ko'ina." Ba da ni yake ba, da talabijin yake. Ni ma na amsa wa talabijin cewa haka ne. A ranar muka gano cewa surukai na iya hira, muddin kowa gabansa yake kallo.

Ba mu da tashar da ke nuna tseren kai tsaye, sai maimaicin da ake sakawa da yamma. Don haka Baba ya kafa doka: daga azahar ba mai duba sakamako. Shi da kansa yake miƙa wa 'yarsa wayarsa. Tawa bai nema ba. Ai malamin makaranta ba a caje masa aljihu.

Lissafi nake koyarwa, kuma ko lasisin tuƙi ba ni da shi. Bas da tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sun rufa mini asiri shekara da shekaru. Amma mutumin da ya saba tsayawa gaban allo yana da wata cuta: ba ya jure zama kusa da wanda kullum ke da gaskiya. Baba kuwa in ya ce taya ta gaji, zagaye biyu za ka ga motar tana rawa.

Wata Lahadi ina layin mai nama a babban titin unguwarmu, na zaro waya. Na ce sakamako kawai zan leƙa. Kafin a gama yanka mini kaza na karanta sharhin har ƙarshe.

Da yamma muka zauna. Jar mota ce a gaba, mai ruwan toka na biye da ita. Ana tsakiyar tsere ruwan sama ya sauko. Mai ruwan toka ya shiga wurin canjin taya aka sa masa tayar ruwa, mai jar mota ya ƙi shiga.

"Ku kira shi!" in ji Baba, yana dukan hannun kujera. "Ku kira yaron nan ya canza taya, kwalta ta zama sabulu!"

Sai na juyo na dube shi, karo na farko tun zuwansa. "Baba, ni a ganina wanda ya ƙi shiga shi zai ci."

Matata ta leƙo daga kicin. "Malam, kai da ko facin keke ba ka taɓa yi ba?"

"Ƙyale shi," in ji Baba. "Malam, da wace hujja?"

"Lissafi, Baba."

Na zubo masa daƙiƙoƙin da ake asara wajen canjin taya, tiryan-tiryan kamar yadda na haddace a layin kaza. Jim kaɗan wasu motoci biyu suka yi karo a baya, aka tsayar da tseren. A ƙa'idarsu, in an tsaya haka kowa na iya canza taya ba tare da ya rasa matsayinsa ba. Mai jar mota ya samu tayar ruwa a ɓagas, ya ci.

Sharhin da na karanta ya faɗa ƙarara cewa ƙin shigar kuskure ne, sa'a ce kawai ta rufe shi. Wannan sakin layin ne na manta ban kawo ba.

Baba ya juya ga barina. Can ya ce wa talabijin, "Ashe yanzu da alƙalami ake gane mota."

Daga ranar bai ƙara dukan kujera ba. In ruwa ya taso ko taya ta fara gajiya, sai ya ce a hankali, "Malam, me lissafi ya ce?" Ni kuma dole in ci gaba da leƙen waya, don wanda ya fara sana'ar duba ba ya iya rufe shago. A makon ne ma na yi wa ajina doguwar nasiha a kan satar amsa.

Bayan ya koma Kano, matata ta gama waya da gida ta zo ta same ni. Ta ce an kawo mota gareji tana wani kuka, an kira Baba ya saurara, ya ce a kai wa masu kwamfuta, kunnensa ya tsufa. A nan na gaya mata komai, na roƙe ta ta isar masa, tunda ita ce jakadiya.

"Wannan saƙon ba ni zan kai ba," in ji ta. "Da za ka yi masa musu ai ba ka biyo ta kaina ba."

Na ɗauki saƙon murya sau uku ina gogewa. Na huɗu ya tafi, har da sakin layin da na ɓoye. Kwana biyu shiru. Sannan amsa ta zo, gajera, ana jin guduma a bayansa: "Malam, na ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wato dai tayar ce, yadda na faɗa."

Bai sake tayar da maganar ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Lahadodin nan da ya yi shiru a falona kuwa, ba lissafin da zai dawo masa da su.

Da ya dawo a yi masa ɗaya idon, Lahadin farko da azahar ya zaro wayarsa ya miƙa wa 'yarsa. Sannan ya fuskanci talabijin, wadda ko kunna ta ba a yi ba, ya ce, "A karɓi ta Malam ma."