Kakana da Kwikwiyonsa

Jiya a kasuwar Kafanchan na ga mafarauci riƙe da makwarwa, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai. Muna gonarsa a Manchok, ƙasa tana ƙanshin ruwan sama, yana koya wa kwikwiyonsa ɗauko tsuntsu. Ya ƙunshe gashin zabo a tsumma ya jefa. Kwikwiyon ya ɗauka ya hau taunawa, na ɗaga sanda.

Kaka ya riƙe hannuna. "Jikana, in ka buge shi, gobe zai gudu da naman. Kira shi a hankali."

Na kira shi. Ya zo ya ajiye ƙunshin a tafina, da ɗumin yawunsa.

Yau in 'ya'yana suka fusata ni, muryar nan nake kewa. Ubangiji ya ba ka hutawa, Kaka.