Manzo da Ɗan Mayahi

Duk wanda ya saba cin kasuwar Tasawa ya san Manzo mai amalanke, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, siriri, mai yawan mita, kuma rabin mitar da sansa mai jan amalanken yake yin ta. Shekararsa arba'in da wani abu yana ɗauko hatsi daga ƙauyukan Hawandawaki da Baudeta, ta hanyoyin yashin da kamyo, babbar motar kaya, ke shiga ya kafe.

A bayan amalanken ubansa ya buɗe ido, zamanin da gyaɗa ke riƙe da garin. In ya fara ba da labarin buhunan da ake tarawa har su rufe wa mutum gabas, sai wanda yake da haƙuri. Fari ya zo ya kashe gyaɗar, masu sikeli suka naɗe kayansu, aka koma gero da wake da aya. Waken ya riƙa tsallakawa Najeriya, in an rufe iyaka ya zauna a mangaza, ɗakin ajiya, ƙwari su yi biki. Manzo ya ga duk wannan, kuma bai taɓa tsorata ba. Hujjarsa ɗaya ce: kome aka noma, sai an ɗauko shi. Ko da baburan nan masu ƙafa uku suka cika gari suna ƙwace masa kayan kusa, dariya ya yi, don ya san ba su iya yashin Baudeta.

San da yake ja masa a shekarun nan, a kasuwar Mayahi ya saye shi yana ɗan maraƙi, shi ya sa yake kiransa Ɗan Mayahi. Da hannunsa ya hore shi. Matarsa Shatu takan ce da san nan yana cin tuwo, da shi za a fara zuba wa kafin maigida. Ba ƙarya ta yi ba. Gidan ba su da gona mai kirki, 'ya'yan sun watse neman na kansu, abin da ke shiga tukunya daga wuyan Ɗan Mayahi yake fitowa.

Manzo yana da wata al'ada da ya gada. In ya sauke kaya ranar kasuwa, sai ya kwance san ya sake shi a bayan rumfuna, ya tsinci ɓawon wake da ganyen da masu dafuwa suka zubar. Haka ubansa ya yi, haka ya tarar kowa yana yi, lokacin da ƙosai a ganye ake ƙunshe shi, mai kuma a kwalba. Bai taɓa tsayawa ya dubi bayan rumfunan da idon yau ba. Shi dai ya san sa ya sha wahala, ya cancanci ya miƙe ƙafa.

A bazarar bara ne san ya fara ramewa. Abin mamaki, ƙashin baya ya fito, ciki kuwa ya tsaya ƙato, da tauri. Aka zuba masa harawa ya shinshina ya kau da kai. Manzo ya ba shi kanwa, ya ɗura masa man gyaɗa, ya jiƙa masa sassaƙe iri-iri. Da ya ga san ya daina tuƙa, hankalinsa ya tashi ƙwarai, ya je ya taho da likitan dabbobi.

Likitan ya danna cikin da hannu, ya daɗe yana dannawa, sannan ya tambaya, "Baba, ina yake kiwo?"

"Bayan kasuwa, kamar kullum."

"To leda ce. Tana ƙamshin mai da gishiri, shi ko bai sani ba. Ta cika mishi tumbi. Da da ƙarhinshi ne, sai a gwada tsagawa. Yanzu kam ba shi ɗauka."

Manzo ya ji haushin maganar, har ya ce wa Shatu yaran lakkwal, 'yan boko, ba abin da suka sani sai kashe wa mutum zuciya. Amma a ransa ya san gaskiya aka gaya masa, kuma ya san da hannunsa yake kwance igiyar duk mako. Wannan ne ya fi cin sa.

Kwana uku bayan haka san ya kwanta ya ƙi tashi. Shatu ta same shi tsugune a gabansa da safe, yana kore masa ƙuda.

"Malam, ka kira Abdulƙarim mahauci. In ya mutu da kanshi, mushe ne, ko hwata ba mu mora."

"Ki bar ni. Jiya ya sha ruwa."

"Ya sha ruwa, ya tashi? Mi kake jira? Ni ma ina jin tausai nai, amma mu ma rai gare mu."

Ya ci gaba da kore ƙudan. Ya zauna har hantsi ya ɗaga, yana sauraron numfashin da ke fita da ƙyar. Da ya ga ido ya fara juyawa, sai ya tashi da kansa ya nufi mahauta, yana tafiya kamar wanda aka aika ba da son ransa ba.

Abdulƙarim mahauci ya zo da wuƙarsa da mutum biyu. Ya ce, "Baba Manzo, ka shiga ciki, mu mun iya." Manzo ya ƙi. Shi ya riƙe ƙahon, shi ya juya kan zuwa alƙibla, kuma bai saki ba sai da ƙafafun suka daina motsi.

Aka farka tumbin. Curi guda aka jawo, baƙi ƙirin, ya murɗe da igiyoyin buhu, sai da mutum biyu suka kama shi. Ciyawar da ke ciki ba ta cika tafin hannu ba. Watanni ke nan san yana jan buhu goma cikin yashi da yunwa, ubangidansa yana zaginsa da ragwanci.

Naman bai yi auki ba, abin da mahauta suka bayar ko ɗan maraƙi ba zai saya ba. Abdulƙarim ya ware masa tsoka mai kyau ya ce a yi wa gida miya. Shatu ta dafa, ta kawo masa da azahar, ta ajiye a gabansa a inuwar amalanken. Ya buɗe kwanon ya duba, ya mayar da murfin.

"Kai ma maƙwabta," in ji shi. "Ni ban iya ci nai."