Madam Vilimaina da Famfon Rafi

Shekara goma sha tara na yi ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata a sakandaren kwana ta tsibirinmu na Kadavu. Malaman kimiyya bakwai na ga zuwansu da tafiyarsu. Shida daga cikinsu da ƙyar nake tuna fuskokinsu. Ta bakwai ita ce Vilimaina.

Jirgin ruwan Suva ne ya sauke ta, da jakar tufafi guda da akwatin ƙarfe cike da sifana. Gidajen malamai sun cika, sai aka ce ta zauna a wurina kafin a samu wani. Ba a taɓa samu ba. Ranar da ta zo na dafa shayi, na ajiye mata rogo da kifi, amma ita idonta na kan ƙofar ɗakina.

"Yaya Ilisapeci, wa ya ɗaura miki wannan ƙofar?"

"Zauna ki ci abinci tukuna."

"A karkace take fa."

"Shekara goma tana karkace, ba ta cinye kowa ba."

Kafin shayin ya huce ta cire ƙofar ta kwantar da ita a kan ciyawa.

'Yar garin Levuka ce. Ubanta makanikin injin kwalekwale ne, bai haifi namiji ba, don haka ita ta tashi a rumfarsa tana miƙa masa kayan aiki. Ta fara karatun injiniya, shekara guda ta yi uban ya samu shanyewar ɓarin jiki, ta koma ta riƙe rumfar har ya rasu. Daga baya ta yi karatun malanta. Kafin ta zo wurinmu ta koyar a makarantu uku cikin shekara biyar. Babu inda aka kore ta. Ita ce take rubuta takardar neman canji da hannunta. Na tambaye ta dalili, ta ce, "In na san inda kowane ƙusa yake a wuri, sai wurin ya fara shaƙe ni."

Ɗakin gwaje-gwajenmu yana da kabad biyu cike da kaya, amma mabuɗin na aljihun shugaban makaranta, Masta Apenisa. Mutumin kirki ne, sai dai abu biyu yake tsoro a duniya: fashewar kwalba da sakamakon jarrabawa.

"Madam, in yaran nan suka fasa, jirgi ba zai kawo mana wasu ba sai baɗi," in ji shi. "Ki zana musu a allo. Haka muka koya."

"Masta, kai a allo ka koyi iyo?"

Bai ba ta mabuɗin ba. Ita kuma ta daina shiga aji. Sai ka hango 'yan aji huɗu a bakin teku suna kafa sanda mai zane don auna cikar ruwa da janyewarsa. Wani mako suna ɗaure gadoji da tsinken ganyen kwakwa, suna loda musu duwatsu har su karye, kowa ya faɗi inda tasa ta fara tsagewa da dalili. Sun yi sabulu da man kwakwa da toka, wanda ya kusa saɓule wa wata yarinya fatar hannu. Sun kunna ƙaramin ƙwan lantarki da lemon tsami goma sha biyu na bishiyata, ba tare da an tambaye ni ba.

Aibinta guda, kuma babba ne: ba ta gama abu. Da zarar ta gane yadda zai yi aiki, hankalinta ya tashi ya koma kan wani. Ƙarƙashin gidana ya cika da rabin injin niƙa kwakwa, rabin murhun rana, rabin kwalekwale. Ko cin abinci a tsaye take yi. A coci kuwa, na daina zama kusa da ita, don benci har rawa yake.

Maganar famfo ni na jawo ta. Da rani tankunanmu na ruwan sama sukan ƙafe, sai 'yan mata su riƙa sauka rafi da bokiti kowace safiya, su hawo tudu da shi kafin karin kumallo. Wata safiya wata ta zame ta goce ƙafa, na dawo gida ina faɗa.

"Ke da kike kunna wuta da lemona, ba za ki iya hawo mana da ruwa ba?"

Ta ajiye kofi ta fita. Da rana na gan ta da yara talatin jere a kan tudun, suna auna tsayinsa da sanda da tiyo mai ruwa a ciki. Da yamma ta ce akwai famfon da ba ya shan mai, ba ya son lantarki. Ruwan rafi ne zai gangaro ta bututu da ƙarfi, wani bawul ya rufe masa hanya farat ɗaya, bugun ya tura kaɗan daga ruwan sama. Haka zai yi ta yi dare da rana. Ban gane ba, amma na ce to.

Rafin ba namu ba ne, na dangin Ratu Sakiusa ne, dattijon da ke sarautar ƙauyen da ke ƙasa, kuma ba a taɓa ruwan mutane sai an je da saiwar yaqona, wadda ake damawa a sha a zaman manya, an roƙa. Muka je ranar Asabar da la'asar, ni da ita da Masta Apenisa. Aka shimfiɗa tabarma, aka daka saiwar, aka dama, aka fara jawabi. Awa biyu muna zaune. Vilimaina ta lanƙwashe ƙafa ta miƙe, ta sake lanƙwashewa, ta fara zana bututu da farce a jikin tabarmar. Tsohon yana kallonta ta gefen ido.

"'Yata, cinnaku ne a tabarmar tawa?"

"A'a, Ratu."

"To, ruwan da kike so ya hau tudu, ya fi ki haƙuri. Tun kakana yake gangarowa, bai taɓa cewa zai koma ba." Aka yi dariya. Ya sha ƙoƙonsa, ya tafa sau uku. "Ku je ku gwada. In ya hau, ku kira ni in gani. In bai hau ba, ku kwashe tarkacenku, kada shanuna su taka."

Masta Apenisa ya yarda, amma da sharaɗi: Asabar kawai, kuma 'yan aji biyar su yi gwajin takarda kowace Litinin.

Asabar ta farko suka haɗa da bututun roba. Bugu na shida ya tsage, ruwa ya watsa wa kowa. Ta sa yaran suka zauna a jiƙe suna gardamar dalili, har wani ya ce roba ba ta iya ɗaukar bugun. Suka kwance tsofaffin bututan ƙarfe daga rumfar busar da kwakwa da aka daina amfani da ita, suka ɗauko su a kafaɗa. Aka samo tsohuwar tukunyar kashe gobara aka kafa ta a kan famfon, don iskar da ke cikinta ta riƙa tausasa bugun tana tura ruwan.

Ya yi aiki. Muna jin ƙas, ƙas, ƙas daga kicin. Amma bayan 'yan kwanaki sai bugun ya yi tsanani, bututan su riƙa karkarwa, ruwan ya daina hawa. Su kwance tukunyar, su zubar da ruwan cikinta, su ɗaura, ya sake yin haka. Asabar biyar ana wannan. A ta shida na tarar da Vilimaina a ƙarƙashin gida tana yanka tsohon durom.

"Me kuma wannan?"

"Farfelar iska. Yaya, kin san iskar da ke kaɗawa a kan tudun nan za ta iya..."

"Famfon fa?"

"Ai sun gane yadda yake aiki. Darasin ke nan."

"Darasi? 'Ya'yana har yanzu bokiti ne a kansu. Kin sa mun je mun durƙusa wa tsoho, kin sa yara sun ɗauki ƙarfe har kafaɗunsu sun ɗaye. Ke kin gane, sai kowa ya tashi?"

Ta ci gaba da yankan, amma a hankali. Kwana biyu ba mu yi wata doguwar magana ba.

Akwai wata yarinya a aji biyar, Torika, wadda ta maimaita aji sau ɗaya kuma kullum tana can ƙasan jeri. Ba ta magana a aji. Ashe ita ba ta daina zuwa rafin ba, kowace safiya in ta je ɗiban ruwa sai ta tsaya wurin famfon. Ranar Laraba ta zo gidana, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen siket.

"Goggo, Madam na nan?"

"Ga ta can. Faɗi abin da ya kawo ki."

"Madam, tukunyar nan ce. Ranar da muka ɗaura ta, in na ƙwanƙwasa sai ta yi ƙara kamar ganga. Bayan kwana uku sai ta yi kamar ɗanyar kwakwa. Ina jin ruwa ne yake cinye iskar."

Vilimaina ta ajiye abin da ke hannunta. "Sake faɗi." Torika ta sake. "To, me za mu yi?"

"A sa iskar cikin abin da ruwa ba zai taɓa ta ba."

"Kamar me?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Robar cikin tayar baro."

Baro guda ne a makarantar mai tayar iska, na lambun Masta Apenisa. Ni aka tura. Na yi masa bayani, sai ya ce, "Wace yarinya kika ce? Torika? Wadda ta ci goma sha takwas cikin ɗari ranar Litinin?" Da kansa ya cire tayar, ya biyo mu rafi da takalman ofis.

Aka hura robar kaɗan, aka cusa ta cikin tukunyar, aka ɗaura. Ruwa ya hau. Bai kai ɗakin kwana ba, a bayan kicin ya tsaya, kuma kaurinsa bai fi ƙaramin yatsa ba. Amma ba ya yankewa, kuma kafin gari ya waye durom huɗu sun cika. Ratu Sakiusa ya hawo da sandarsa, ya tara hannu ya sha, ya ce ruwan ya ɗan yi ɗanɗanon taya.

Sakamakon jarrabawar shekarar bai hau ba, bai sauka ba. Torika ta sake faɗuwa. Vilimaina ta shiga ofis ta yi ta faɗa cewa takarda ba ta auna abin da yarinyar ta sani, Masta Apenisa ya ce ya yarda, amma ba shi ke rubuta tambayoyin ba. A ƙarshe su biyun suka rubuta mata wasiƙa zuwa makarantar koyon sana'a. Yanzu tana aikin famfo a Nadi, har da yara biyu a ƙarƙashinta.

Vilimaina ta ƙara shekara guda, ta nemi canji zuwa Labasa. Na ce mata mutum ba ya rayuwa haka, ta ce ta sani. Na raka ta bakin jirgi, ta rungume ni da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da akwatin.

Bayan shekara uku ambaliya ta tafi da famfon gaba ɗaya. Na ɗauka shi ke nan. Sai ga wasu 'yan aji uku, waɗanda ba su taɓa ganin Vilimaina ba, sun zo neman mabuɗin sito. Sun ce tun suna aji ɗaya su ke share masa ganye, sun san cikinsa. Mako uku suka yi. Ruwan ya zo, amma bai kai na da ba.

Na kira ta a waya na gaya mata. Bayanta ina jin hayaniyar yara da bugun guduma.

"Bututun gangaren, tsawonsa nawa?"

"Ina na sani? Kamar bututu biyar suka haɗa."

"Ya yi gajere, bakwai ne. Amma kada ki faɗa musu, Yaya. Ki ce su gwada da huɗu, su gwada da shida, su auna bokiti nawa a awa."

Na ce zan faɗa musu su gwada. Ta ce wani yaro na shirin ƙona mata tebur, ta kashe wayar.