Kwanon da Aka Rufe wa Sa'idu

Kafin wannan tafiya, na yi imani cewa abin da mahaifiyata take bukata daga gare ni magani ne, kuma mutumin da ya yi karatu irina zai iya nemo shi. Shekara biyu ke nan da ciwon mantuwa na tsufa ya kama ta. Na shafe watanni ina karanta bayanan masana a kan yadda ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa suke gajiya su lalace, kamar ƙarfen da tsatsa take ci, da yadda wasu sinadarai da ke cikin kurkum da zogale suke rage wannan lahani. Inda suka ce yawancin gwajin a kan ɓeraye aka yi, ba a tabbatar da shi a jikin mutum ba, nakan karanta da sauri in wuce.

Mun tashi daga Kaduna da asuba, ni da mai ɗakina, da kwalabe uku na ƙwayoyin zogale da kurkum a jakata. Har mahaɗar Dikko hanya ba ta ba mu wahala ba. Daga nan kuwa muka shiga jerin tankoki da tireloli, muna zaɓen ramin da ya fi sauƙin faɗawa. A Lambata muka tsaya muka ci soyayyiyar doya da yaji. Mai ɗakina ta taya ɗanyar doya da farashin bara, mai sayarwar ta dube ta da tausayi, ta tambaye ta ko daga ƙasar waje ta dawo. Damina ta yi kyau, duwatsun Paiko sun yi kore shar, matan Gwari suna tafe a gefen titi da kaya a kafaɗa, kamar yadda na san su tun ina yaro. Ni kaɗai ne a hanyar nan na tsufa.

Bayan azahar muka ratsa Minna muka isa Tudun Fulani, gidan ƙanwata, wadda Inna take hannunta.

Ni ne ɗan fari. Tun da na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ina ƙarami «wancan» ne, da na girma na zama «na Kaduna». Ranar da na gama jami'a mata suka cika gida suna yi mata barka, ta tashi ta shige ɗaki. Na san kunya ce, na sha bayyana wa 'ya'yana hakan. Amma ban tabbata zuciyata ta taɓa karɓar bayanin ba, kuma ina zargin shi ya sa aiko da kaya ya fi mini sauƙi a kan zuwa.

Na same ta a tabarma, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, «Sannu da zuwa, Malam. Daga ina?»

«Kada ka damu, Yaya,» in ji ƙanwata. «Ni ma jiya ƙanwarta ce, shekaranjiya 'yar aiki.»

Na ba ta ƙwaya ɗaya da ruwa. Ta jujjuya ta a tafin hannu, ta ƙulle a bakin zaninta, ta yi mini godiya. Ƙanwata ta ce, «Yaya, in zogale kake so ta ci, ai ba a kwalba ta san shi ba.»

Washegari muka shiga Kasuwar Kure muka sayo ɗanye, dami biyu, wurin wata dattijuwa da take ce mini «ke», irin Hausar Minna da ban san na yi kewarta ba. Da muka zube shi a gaban Inna, hannunta bai yi shawara da kowa ba. Ta kama reshe, ta zuge ganyen da yatsu biyu, ta tsince sandunan ɗaya bayan ɗaya. Na zauna ina taya ta. Ta kalli aikina ta ce, «Malam, kai dai ba a koya maka ba.» Ta sa aka dafa da 'yar kanwa, aka matse, ta kwaɗa da ƙuliƙuli da albasa.

Sai ta ɗebi mai yawa ta zuba a kwano, ta rufe da faifai, ta tura bayanta.

«Wannan na Sa'idu ne,» ta ce mini. «Ɗana na fari. Yana karatu a Zariya. Ba ya son yaji da yawa, kuma ba ya faɗa, sai dai ka ga ya bar abincin. Ka san shi?»

Na ce na san shi.

«Yaron kirki ne. In ya zo ba na iya kallonsa, sai ya juya baya nake ƙare masa kallo. In ka gan shi ka ce ya riƙa zuwa.»

Ƙanwata ta tashi ta bar wurin. Ni kuwa aka ba ni nawa a faranti, kamar kowane baƙo, na ci duka. Har la'asar kwanon yana bayanta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba.

Kwana uku muka yi. Kafin mu taso na nuna wa likitan da yake duba ta kwalaben. Ya ce in bar su tukuna, domin kurkum mai yawa yana iya saɓawa da maganin da take sha. Ɗanyen ganye a abinci kuwa ta ci, amma kada in sa ran zai dawo da abin da ya tafi. A hanyar dawowa mai ɗakina ce ta tuƙa daga Lambata. Mun iso Kaduna da magariba.

Na tafi da niyyar gyara mata ƙwaƙwalwa, na dawo da saƙon da ta ba ni in kai wa kaina. Kwalaben suna nan a jakata. Yanzu duk bayan mako biyu ina Minna. Har yau Malam take ce mini, kuma har yau tana rufe wa Sa'idu kwanonsa.